Basirar Sarrafa Motsin Rai da Tasirinta a Wurin Aiki

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan sami ma'aikata biyu masu takardar shaida iri ɗaya, amma jama'a na tururuwa wajen ɗaya suna gudun ɗayan. Wannan maƙala za ta dubi bayanin da masana halayyar ɗan'adam suka yi kan wannan bambanci, da inda ya shafi manazarta harshe.

2.0 Ma'ana

Salovey da Mayer ne suka fayyace ra'in wannan basira a 1990, sannan littafin Goleman na 1995 ya yayata shi. Abin nufi shi ne mutum ya gane abin da ke ransa da ran waninsa, kamar fushi ko tsoro, ya fahimci musabbabinsa, sannan ya sarrafa shi. Bahaushe ya san matakin farko, domin yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka kuma haƙuri da hankali, waɗanda Kirk-Greene (1974) ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki, suna nuni ga mataki na ƙarshe.

3.0 Tasiri

Joseph da Newman (2010) sun tattara sakamakon bincike masu yawa, suka nuna cewa matakan nan uku suna bin juna ne, kuma sarrafawa ce ta fi kusa da ingancin aiki. Tasirin ya fi bayyana a ayyukan da ake fuskantar jama'a, ya kuma raunana inda ba a cuɗanya da su. Ma'aikaciyar jinya, alal misali, idan ta gane cewa tsoro ne ya sa ɗan'uwan majinyaci ɗaga murya, za ta kwantar masa da hankali, ta sami bayanin da likita ke bukata. In ta mayar da martani, bayanin ya salwanta. Sai dai wannan basira ba ta maye gurbin sanin aiki.

4.0 Kammalawa

Galibi a furuci ake ganin wannan basira. Shugaban da ya ce “ka yi kuskure” da wanda ya ce “a sake duba wannan” gyara ɗaya suke nema, amma lamirin “a” ya sakaya mai laifi, ya tsare masa mutunci. A Nijeriya, inda ma'aikaci da mai neman biyan bukata sukan bambanta a harshen uwa, irin wannan zaɓi yana da wuyar koyo. Saboda haka ya kamata manazarta su tattaro maganganun asibiti da banki da kotu, su ƙwanƙwance su, domin amfanin masu koyar da harsunanmu da tafintoci.