Idon waya ya tsage? Dakata, kar ki taɓa jarinki

Yau zancenmu a kan ɗan gilashin nan ne da ke bayan waya, wanda muke ce ma idon kyamara. Ƙarami ne, bai kai ƙwayar gujiya ba, amma ya sha cinye jarin mace.

Lokacin da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kayan aikin ƙungiya ba su wuce akwati da makullansa da tabarmar zama ba. Daga baya littafi da biro suka zo, yanzu kuma waya ta shigo sahu. Sakatariya na ɗaukar hoton shafin littafi bayan kowane zubi, don ko ruwa ya jiƙa littafin ko gara ta ci shi, lissafi na nan. Mai ƙuli-ƙuli a Malbaza, mai turaren wuta a Ƙonni, mai tabarmi a Illela, kowa hoto take turawa ta WhatsApp kafin mai saye ya ce a kawo. Lokacin albasa kuwa, a Galmi da Tsarnawa, hoton buhu kan riga buhun isa wurin dillali. To ranar da idon nan ya tsage, sai hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Mai saye ya yi shiru, 3 da 8 kuma su koma abu guda a hoton littafi.

Nan ne da yawanmu ke yin gaggawa. Wata ta sayar da wayar a wulaƙance, wata ta zo ranar taro ta ɗauki bashin da ya kamata ya shiga sana'a ta sayi sabuwa. Ga bashi da abin da ake ɗorawa a kansa, ga jari bai ƙaru ba. Alhali sau da yawa abin da ya lalace ɗan marfi ne kawai.

Mene ne ainihin ya fashe?

Abin da kike gani daga waje murfi ne na gilashi, an manna shi da gam. Aikinsa tsare ƙura da ruwa. Kyamarar kanta tana ciki, a ƙarƙashinsa: wasu ƙananan tabarau jere, da abin da ke karɓar haske, kuma a wayoyi da yawa akwai ɗan inji mai matsar da tabaran gaba da baya don hoto ya fito tas. Murfin waje shi ne mai araha, kuma canza shi ba ya ɗaukar lokaci. Ta ciki ita ce mai tsada, don sai an buɗe waya an cire ta ɗungurungum an sa wata.

Kafin ki je wurin mai gyara, ki gwada da kanki. Ki goge idon da tsumma mai laushi mai tsabta, don wani lokaci maiƙon hannu ne kawai, mu da ke wuni cikin man gyaɗa. Sannan ki ɗauki hoton farar takarda da rana. In kin ga zane ko walƙiya a hoton, kuma kina ganin tsaga da idonki, murfin ne. In baƙaƙen ɗigo ne da ba su gusawa ko kin juya wayar, ƙura ta riga ta shiga. In hoton na rawa, ko ya ƙi daidaita kusa da nesa, ko kina jin ɗan ƙara in kin buɗe kyamara, injin ciki ya taɓu. In kuwa baƙi ƙirin kike gani, ki kashe wayar ki kunna tukuna, don wani sa'in ruɗewa ce kawai ta yi.

Ranar da ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙurar ƙasarmu kun san ta, ballantana masu zama bakin babbar hanya ko kusa da masana'antar siminti ta Malbaza. Tsagar da za a gyara da kuɗi kaɗan yau, in aka bar ta wata guda cikin hunturu ko damina, sai ta kai ga canza kyamara gaba ɗaya. Don haka a ranar ki yanki ɗan salatif fari mai haske ki rufe wurin. Hoton ba zai yi kyau sosai ba, amma ƙura ba ta shiga. Kar ki sa allura ki ce za ki ciro ɓarɓashin gilashi, kar ki hura da baki, kar ki goga man goge haƙori ko toka ko kananzir. Gam mai ƙarfin nan na ɗan kwalba ma ki bar shi, tururinsa na sa idon ya yi fari har abada.

Ina ake samun mai araha?

Yawancin wayoyin da ke hannunmu Tecno ne da itel da Infinix. Duka ukun kamfani guda ke yin su, Transsion, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Saboda yawansu, kayan gyaransu sun fi sauƙin samu. Amma kowane samfuri da nasa murfi. Cewa "Tecno ce" bai isa ba, sai kin kawo cikakken suna da lamba. Suna rubuce a kwalin wayar, suna kuma cikin wayar a wurin saiti. In ba ki iya dubawa, sakatariya ta rubuta miki a takarda.

Masu gyaran Ƙonni su ne na kusa, kuma Laraba, ranar kasuwa, ta fi dacewa da ke da ke zuwa daga ƙauye. Kayan gyara da yawa ta Najeriya suke shigowa: daga kasuwar waya ta Farm Center a Kano, da Sakkwato, zuwa Illela ta tsallaken iyaka, ba tamu ta jihar Tawa ba. Shi ya sa farashi ke tafiya da canjin naira da sefa, da kuma halin da iyaka ke ciki. Ba mu manta yadda kaya suka yi wuya ba lokacin da aka rufe ta bayan Yulin 2023, har zuwa Maris 2024.

Akwai kuma wata hanya da ba kowa ke tambaya ba. Masu gyara na ajiye matattun wayoyi, waɗanda allonsu ya fashe ko ruwa ya kashe, amma kyamararsu lafiya lau. In aka dace da samfurinki, kyamarar asali ce za ki samu a ƙasa da kuɗin sabuwa. Ko a cikin ƙungiya, ki tambaya: wa ke da matacciyar waya irin tawa a ƙasan akwati?

A gaban mai gyara

Ki tambayi mutum biyu ko uku kafin ki yanke. Ki ce a raba miki kuɗin kaya da kuɗin aiki. In an ce sai an canza kyamarar ciki, ki ce a ɗaga fasasshen murfin a ɗauki hoto ki gani. In ya fito tas, murfi kaɗai kike bukata. Ki cire katin sim da katin memori ki riƙe a hannunki. Lambar sirrin kuɗinki ba ta cikin gyara, kar ki ba kowa. Hotunanki da na ɗiyanki da na littafin ƙungiya amana ne, don haka in da hali ki zauna a yi aikin kina kallo. Canza murfi bai kai a ce ki dawo gobe ba. In an gama, ki ɗauki hoton rubutu, kusa da nesa, ki ga yana karantuwa kafin ki biya. Ki karɓi tsohon abin da aka cire.

Ga ma'aunin da nake ba mata: in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin irin wayar a kasuwa, ga batir ya gaji, ga allo ya tsage, to a haƙura a fara tarin sabuwa sannu a hankali. In bai kai ba, a gyara.

Abin da ƙungiya za ta iya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taro mai zuwa, a tambayi wa da wa ke da wagga matsala. In an samu huɗu ko biyar, mace ɗaya ta je ta yi ciniki a madadin kowa: kuɗin mota guda, ragi kuma ya fi samuwa. Wayar da ake ɗaukar hoton littafi da ita kuwa aikin kowa take yi, ko da ta sakatariya ce. Ya dace a zauna a amince ko gyaranta zai fito daga asusun taimako ko daga kuɗin tara, a rubuta cikin dokokin ƙungiya tun kafin ta fashe.

Sauran kuma kiyayewa ce. Ki sa ma wayar rigar roba mai tudu kewaye da idon. Kar ki haɗa ta jaka ɗaya da makullai da tsabar kuɗi, kar ki ƙulle ta a bakin zane sannan ki duƙa bakin rijiya ko turmi. In yaro na kuka, a ba shi wani abin wasa. Allah Ya tsare mana jarinmu, Ya sa albarka a zubinmu.