Igiyar da Ke Tare Ruwa a Gindin Jirgi

Jirgin ruwa mai inji a cikinsa yana da wata matsala da kwale-kwale mai injin ratayawa bai san ta ba. Inji yana ciki, farfela tana waje, dole sandar ƙarfe ta ratsa jikin jirgin ta haɗa su, ramin da take bi kuma yana nutse cikin ruwa. A bakin ramin ake ɗaura wani gida na tagulla, a cusa masa zobban igiya, a matse su da babban noti.

Abin da ke ba sabon mai jirgi mamaki shi ne, wannan gida sai yana ɗiga ne yake da lafiya. Ɗigo biyu ko uku a minti ɗaya yayin da sandar ke juyawa, su ne ke sanyaya igiyar. Wanda ya ƙi jinin ɗigon ya ɗaure noti tamau, igiya za ta ƙone, ta ci wa sandar kwari, sandar kuwa ta fi igiya tsada nesa ba kusa ba. Makanikai da tafin hannu suke gwadawa: in gidan ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, a sassauta.

Igiyar gargajiya ta zaren lilin ce da aka jiƙa da kitse ko kaki. Tana da araha, tana da sauƙin kai, sai dai takan bushe ta ƙandare. Daga baya aka samu wadda aka haɗa da Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938. Ta fi santsi, ta fi daɗewa. Akwai kuma mai girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, wadda ke fitar da zafi sosai har ɗigon ya kusa ɗaukewa. A nan ake taka-tsantsan. Cikin ruwan gishiri girafait yakan sa ƙarfen da ke maƙwabtaka da shi ya zaizaye, musamman tagulla, don haka ya fi dacewa da jirgin kogi da tafki.

Kaurin igiyar ba a cankarsa. A auna faɗin cikin gidan, a debe kaurin sandar, a raba saura biyu. Sau da yawa amsar kwatan inci ce ko kusa da haka. Ba a naɗa igiyar a dunƙule. Zobe-zobe ake yankawa, galibi uku, a karkata yankan, a kuma sa mahaɗin kowane zobe ya kauce wa na ɗan'uwansa.

Na'urorin zamani marasa ɗigo suna amfani da faifan kabon da ke goga da faifan ƙarfe, roba mai naɗe-naɗe tana tura shi. Cikin jirgi yakan bushe ƙayau. Amma igiya in ta tsufa, ɗigonta ke ƙaruwa sannu a hankali, ta ba mutum lokaci; robar nan in ta yage, ruwa a guje yake shigowa. Shi ya sa kamfanin PYI, mai yin irin wannan na'ura, ke cewa a sauya robar na'urarsa duk shekara shida. Ga wanda ke tafiya nesa da masu gyara, ni dai igiya zan zaɓa masa, da ƙarin guntu da sifana biyu a akwatin kayan aiki.