3.3 Tankar Yaƙi a Matsayin Kayan Shirin Fim

A sashen da ya gabata an yi bayanin ƙananan kayan da ake tanadar wa ɗan wasa a fim ɗin yaƙi, wato kaki da hular kwano da takalmi da bindiga. Duk waɗannan tela ko maƙeri ko kafinta na iya kwaikwayon su ba tare da mai kallo ya gane ba. A wannan sashe kuwa za a dubi babban kayan da ya fi kowanne wuyar samu, wato tankar yaƙi. Abin da ake son nunawa shi ne, sau da yawa tankar da ake gani a majigi ba ta zamanin da ake ba da labarinsa ba ce, kuma dalilin haka yana cikin tarihin yaƙin kansa.

3.3.1 Asalin Tanka da Sunanta

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance tsakanin motar sulke da tanka. Kalmar sulke tsohuwa ce a Hausa, tana nufin rigar ƙarfe da barade ke sawa domin kare kansu daga kibiya da takobi. Daga nan aka faɗaɗa ma'anarta zuwa duk motar da aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri. Ita tanka nau'i ce ta motar sulke, sai dai a kan sarƙa take tafiya maimakon tayar roba, kuma tana ɗauke da igwa, galibi a cikin wani ɗaki mai juyawa a samanta.

Turawan Ingila ne suka fara shiga fagen fama da tanka, ranar 15 ga Satumba, 1916, a yaƙin Somme da ke ƙasar Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Tankoki 49 aka tanada, amma da yawa sun lalace tun kafin su isa bakin daga, waɗanda suka isa kuma saurinsu bai wuce na mai tafiya a ƙafa ba. Sunan ma asalinsa ɓad-da-sawu ne. Domin kada labari ya kai ga Jamusawa, sai aka riƙa kiran abin da ake ƙerawa da sunan tankin ruwa, daga nan sunan ya bi shi. Hausa ta ari wannan kalma ta Ingilishi ta raba ta: akwai tanki na ruwa, akwai tanka mai dakon mai, sa'an nan akwai tankar yaƙi, wadda ake ƙara mata "yaƙi" domin kauce wa ruɗani.

3.3.2 Mai Yawa da Mai Ƙaranci

Mafi yawan finafinan da ke buƙatar tanka a kan Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945) aka yi su, wato wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Tankoki uku ne suka fi suna a wannan yaƙi. Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000 tsakanin 1942 da 1945. Tarayyar Sobiyat ta ƙera T-34 fiye da 50,000 kafin ƙarshen yaƙin, kuma an ci gaba da ƙera ta a ƙasashen Gabashin Turai har cikin shekarun 1950. Ita kuwa Jamus, tankarta da aka fi tsoro, wato Tiger I, kimanin 1,350 kawai kamfanin Henschel ya ƙera a garin Kassel daga 1942 zuwa 1944. Nauyinta ya kai tan 57, kaurin ƙarfen gabanta milimita 100, faɗin bakin igwarta milimita 88, kuma mutum biyar ke aiki a cikinta.

Da yaƙi ya ƙare, waɗanda suka ci nasara sun rarraba rarar tankokinsu ga ƙawayensu, aka ci gaba da aiki da su shekara da shekaru. Na Jamus kuwa, wasu an farfasa su a fagen fama, wasu masu tuƙa su ne suka tarwatsa su da kansu idan mai ya ƙare ko inji ya tsaya, sauran kuma aka yayyanka aka narke. Tiger I da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukkansu a gidajen tarihi suke. Ke nan mai shirya fim yana iya samun tankar jarumi idan ya nema, amma tankar abokin gaba, wadda labari ke buƙata domin ya tsorata mai kallo, ita ce babu.

3.3.3 Aro da Ɓad-da-kama

Hanya ta farko da masu shirya fim suka bi ita ce aro daga rundunar soja ta wata ƙasa. A nan ba a zaɓen tanka, abin da rundunar ke da shi shi ake ɗauka. Wannan ne ya sa aka ɗauki manyan finafinan yaƙi na shekarun 1960 da 1970 a ƙasashen da ba nan aka yi yaƙin ba. Alal misali, fim ɗin Battle of the Bulge (1965) labarin gumurzun da aka yi ne cikin dusar ƙanƙara a dajin Ardennes a watan Disamba, 1944, amma a ƙasar Sifen aka ɗauke shi, inda soja ke da tankokin da Amurka ta ba su bayan yarjejeniyar 1953. Sai aka shafa wa tankar Amurka M47 fenti aka zana mata tambarin Jamus, alhali ba a fara aiki da ita ba sai a farkon shekarun 1950. Tsohon shugaban Amurka Eisenhower, wanda shi ne babban kwamandan sojojin ƙawance a lokacin wannan gumurzu, ya fito fili ya soki fim ɗin saboda kurakuransa na tarihi. Haka kuma a fim ɗin Patton (1970), wanda shi ma a Sifen aka ɗauki mafi yawansa, tankokin M48 ne suka fito a matsayin na Jamus. Wani abin ban dariya a nan shi ne, M48 da M47 duk sunan Janar Patton aka raɗa musu bayan rasuwarsa a 1945. Wato dai an nuna shi yana yaƙar takwarorinsa.

Hanya ta biyu ita ce ɓad-da-kama, wato a ɗauki tankar da ake da ita a gina mata sabon jiki na falankin ƙarfe ko katako har ta yi kama da wadda ake nema. T-34 aka fi yi wa haka saboda yawanta da sauƙin samun kayan gyaranta. A fim ɗin Kelly's Heroes (1970), wanda aka ɗauka a Yugoslabiya, duk Tiger da aka nuna T-34 ce aka sake wa riga. Haka aka sake yi a Saving Private Ryan (1998) na Steven Spielberg, duk da irin yabon da ya samu kan kula da kaki da makamai.

Daga sama aikin yakan yi kyau, amma ƙafa ita ke tona asiri. Tayoyin Tiger a jere suke cikin juna, wata na rufe rabin wata, T-34 kuwa manyan tayoyi biyar gare ta a kowane gefe, kowacce a ware. Bugu da ƙari, taya mai haƙora da ke jan sarƙa a gaba take a jikin Tiger, a T-34 kuma a baya. Sa'an nan ɗakin igwar T-34 ya matso gaba ƙwarai, saboda haka duk rigar da aka sa mata sai ta yi kamar ta sunkuya. Masu ɗaukar hoto sun san da wannan, shi ya sa sukan ɓoye ƙasan tankar da ɓaraguzai ko hayaƙi, ko su ɗauke ta daga gaba.

Akwai kuma inda babu tankar gaske ko kaɗan a ƙarƙashin rigar. A fim ɗin A Bridge Too Far (1977) an ƙara yawan Sherman da na bogi da aka ɗora a kan motocin Land Rover, aka jera su can baya. Tankar Yaƙin Duniya na Farko da ta fito a War Horse (2011) kuwa a kan gindin motar haƙa ƙasa ta zamani aka gina ta.

3.3.4 Tiger 131 da Fim ɗin Fury

Hanya ta uku ita ce aro daga gidan tarihi, kuma babban misalinta shi ne Tiger 131. Lambar tana nufin kamfani na ɗaya, rukuni na uku, tanka ta ɗaya, a bataliya ta 504 ta manyan tankokin Jamus. Sojojin Birtaniya ne suka kama ta a Tunisiya cikin watan Afrilu, 1943, bayan harsashin igwa ya maƙale ɗakin igwarta ya hana shi juyawa, mutanen ciki suka fice suka bar ta ba tare da sun tarwatsa ta ba. An daɗe ana rubuta cewa ranar 21 ga wata abin ya faru, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna ranar 24 ce, kuma a wani tudu dabam. Sarki George na Shida da Firayim Minista Churchill duk sun je sun gan ta a Tunis, sa'an nan aka kai ta Ingila injiniyoyi suka kwance ta domin nazari. A 1951 aka miƙa ta ga gidan tarihin tankoki da ke Bovington. An fara gyaran ta a 1990, ba ta sake tafiya da ƙafarta ba sai a 2003, kuma da injin wata tankar Jamus ta daban, ba nata na asali ba.

Lokacin da darakta David Ayer ya zo shirya Fury (2014), wanda Brad Pitt ya fito a ciki, ita kaɗai ce Tiger I mai motsi a duk duniya. A nan buƙatu biyu suka ci karo. Mai fim yana son tanka ta yi gudu cikin taɓo, ta juya, a maimaita fitowa sau goma idan ta kama. Shi kuwa mai gidan tarihi ya san cewa idan giya ta karye babu kantin da za a je a sayo wata, kuma kuɗin inshora ba ya mayar da ƙarfen 1943. Saboda haka aka ba da aron bisa sharuɗɗa: ma'aikatan gidan tarihin ne za su tuƙa ta, an ƙayyade irin motsin da za ta yi, an shimfiɗa mata kankare an rufe da ƙasa domin kada ta kafe. Fitowar da ke da haɗari kuma tankar kwaikwayo aka sa ta yi. Wato ko a fim ɗin da ya yi suna da nuna Tiger ta gaske, ba a rabu da ɓad-da-kama ba.

A ganin mai wannan nazari, gidan tarihin ya yi daidai da ya ba da aron, kuma ya yi daidai da ya tsaurara sharuɗɗa. Mutanen da suka ga tankar a majigi sun ninka waɗanda za su taɓa taka ƙauyen Bovington sau da yawa, kuma tanka mai motsi tana koyar da abin da ta ajiye ba ta koyarwa, kamar girmanta kusa da mutum da yadda take tattake ƙasa. Amma ba a yarda da masu cewa samun kayan asali shi kaɗai ya isa ya mai da fim tarihi ba. Labarin Fury a cikin ƙasar Jamus yake, a watan Afrilu, 1945. Tiger 131 kuwa ƙirar farkon 1943 ce, da tayoyi masu bakin roba da doguwar ƙofar kwamanda mai kama da ganga, alhali ƙirar da aka yi daga baya an sauya mata duk waɗannan. Sa'an nan a wannan wata an yi kusan wata takwas da daina ƙera Tiger I, waɗanda suka rage a fagen yamma kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Ita ma tankar jarumin ba ta tsira ba. Sherman ɗin da aka rubuta wa suna Fury a jikin igwa daga Bovington aka aro ta, kuma nau'in M4A2 ce mai injin dizal, wanda mafi yawansa Amurka ta aika wa ƙawayenta, musamman Tarayyar Sobiyat. A fim ɗin an nuna ta ne a matsayin M4A3 mai shan fetur, irin wadda sojojin Amurka suka shiga Jamus da ita. Bambancin a bayan tankar yake, wajen murfin inji, inda ake ɗaure jarkoki da buhuna da akwatunan harsashi.