Harin da ya tsaya a bakin ƙofa: ofisoshin Airtel da MTN a Kano, Disamba 2012

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida tana duba wani hari da aka kai da motoci ɗauke da bom kan ofisoshin kamfanonin wayar salula guda biyu a birnin Kano, ranar Asabar 22 ga watan Disamba 2012, wanda bai cimma abin da masu shi suka nufa ba. Tambayoyi biyu ne a gabanmu. Ta farko, me ya sa kamfanin tarho, wanda ba barikin soja ba ne, ba kuma ofishin gwamnati ba, ya zama abin kai wa hari? Ta biyu, me ake nufi idan an ce an daƙile hari? Daga baya za mu taɓo yadda al'amarin ya shafi garuruwan bakin iyaka na jihar Maraɗi, irin su Gidan Sori.

2. Abin da ya faru

Da safiyar wannan rana, ƴan ƙunar baƙin wake biyu, kowane da motarsa, suka nufi ofishin Airtel da na MTN. Ɗaya daga cikinsu jami'an tsaro suka buɗe masa wuta kafin ya kai ga gini. Ɗayan kuwa ya daki shingen wurin. Bama-baman duka biyu sun tashi. Maharan sun mutu, wani ma'aikacin Airtel ya ji rauni, amma kwamishinan ƴan sandan Kano na lokacin, Ibrahim Idris, ya shaida wa manema labarai cewa babu farar hular da ya rasa ransa. An ɗora alhakin harin kan ƙungiyar Boko Haram, wadda wata goma sha ɗaya kafin nan, ranar 20 ga Janairu 2012, ta kai wa ofisoshin ƴan sanda da na sauran jami'an tsaro hari a Kano, mutum aƙalla 185 suka mutu.

3. Dalilin zaɓar kamfanin waya

Domin fahimtar wannan, sai a fara da yadda salula take aiki. Muddin waya tana kunne, tana sanar da kanta ga eriyar da ta fi kusa da ita, domin ta haka ne kira zai same ta. Duk kiran da aka yi, kamfani yana ajiye bayaninsa: lambar da ta kira, lambar da aka kira, lokaci, da eriyar da ta ɗauki kiran. Wannan bayani an tanade shi ne domin lissafin kuɗi, amma wanda ya same shi ya san unguwar da mutum ya kwana, ya san waɗanda yake hulɗa da su. A shekarar 2011 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta fara tilasta rajistar layuka da suna da hoto da zanen yatsu. Daga nan lamba ta sami mai ita.

Ke nan, kamfanin da ya zo neman riba ya wayi gari yana riƙe da abin da gwamnati take buƙata, wanda kuma masu tayar da ƙayar baya suke tsoro. A watan Fabrairu 2012 ƙungiyar ta yi barazana ga kamfanonin waya, tana zarginsu da taimaka wa jami'an tsaro wajen kama mutanenta. A farkon Satumba ta aikata: cikin kwana biyu aka ƙone ko aka fasa eriyoyi fiye da ashirin a Kano, da Maiduguri, da Gombe, da Bauchi, da wasu garuruwan Yobe, kuma mai magana da yawunta, Abul Ƙaƙa, ya amsa cewa su ne. Harin Disamba ci gaba ne na wannan, sai dai an ɗaga mataki. Eriya ƙarfe ce a fili, da injin wuta da mai gadi ɗaya ko biyu. Idan ta faɗi, unguwa ɗaya ce take rasa rezo, kuma a kan sake kafa ta. Babban ofishi a birni irin Kano kuwa ya tara ma'aikata, da masu zuwa sayen layi, da na'urori masu tsada. Wanda ya aika mota can, mutane yake nema da sunan kamfani gaba ɗaya.

Abin lura a nan, a ganinmu, shi ne ƙungiyar kanta ba ta iya aiki sai da wayar. Da ita take tsara hare-hare, da ita take kiran ƴan jarida. Gwamnati ma ta gane haka: bayan kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno, Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu 2013, sojoji suka sa aka rufe layukan waya a yankin. Wato ɓangarori biyu masu gaba da juna, kowane ya taɓa kashe rezo, kowane da hujjarsa, mai ƙaramin ciniki da mai neman likita cikin dare kuma suka biya.

4. Kalmar daƙilewa

Faransanci ya bambanta attentat déjoué da attentat manqué. Na farko shi ne wanda aka bankaɗo tun yana ƙulle-ƙulle, aka kama masu shi ko kayansu. Na biyu shi ne wanda aka kai, amma ya kuskure. Kafofin watsa labarai na Hausa sukan haɗa su duka a ƙarƙashin daƙile, kuma mai fassara ya kamata ya yi hattara, domin kalmar tana ba hukuma yabon da wani lokaci ba ta ci ba. Harin Kano yana tsakanin biyun. Babu wanda ya tare motocin a inda aka haɗa bama-baman, ko a kan titi. Sun iso har bakin ƙofa. Abin da ya hana ɓarna shi ne shinge, da mai bindiga a tsaye, da ƴar tazarar da ke tsakanin ƙofa da gini, domin ƙarfin fashewa yana raguwa da sauri gwargwadon nisa. Muna ganin a irin wannan hali an tare shi, ko ya ci tura, ya fi dacewa. A bar an bankaɗo ga abin da aka gano tun da wuri.

Wani misali zai ƙara fito da bambancin. Ranar 26 ga Afrilu 2012, a Kaduna, Mustapha Umar ya shigar da mota cike da abubuwan fashewa harabar ginin SOJ Plaza, inda jaridun ThisDay, The Sun da The Moment suke da ofisoshi. Motar ba ta tashi ba, jama'ar wurin suka kama shi, amma wani ƙaramin bom ya fashe ya kashe mutum uku. A Nuwamba 2013 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ginin ya tsira, to amma iyalan mutum ukun ba za su ce an daƙile harin ba. A Nijar kuwa mun ga abin da ke faruwa idan mota ta wuce ƙofa: ranar 23 ga Mayu 2013 wata ta kutsa cikin masana'antar Somaïr a Arlit, ta kashe ma'aikaci ɗaya, ta raunata wasu fiye da goma, aikin sarrafa uraniyom ya tsaya na makonni.

5. Daga Kano zuwa Gidan Sori

Mai karatu zai iya tambaya mene ne haɗin wannan da wata ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gidan Runji. Da farko, kamfanin ɗaya ne: Airtel da ke aiki a Nijar shi ne tsohon Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, kafin Bharti na Indiya ya saye shi a 2010 tare da reshensa na Nijeriya. Na biyu, mutanen wannan yanki suna fatauci da cin rani a Katsina da Kano, kuma salula ce igiyar da ta ɗaure su da gida. Ba abin mamaki ba ne ka ga mutum da layi biyu, na Nijar da na Nijeriya.

Matsalar tsaro a wannan iyaka ta ƴan bindiga ce masu satar shanu da garkuwa da mutane, waɗanda suka koro dubban ƴan gudun hijira zuwa gundumar Gidan Runji a 2019. Ba Boko Haram ba ce, kuma bai kamata a gauraya su ba. Amma rigimar waya ta biyo su. Mai garkuwa da waya yake cinikin kuɗin fansa, ɗan ƙauye da waya yake kiran jandarma. A watan Satumba 2021 aka rufe layuka a duk jihar Zamfara, sa'an nan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, har da Sabon Birni mai maƙwabtaka da Gidan Runji. Sai dai rezo bai san iyaka ba. Mazauna garuruwan da ke kusa suka koma kan layukan Nijar, ƴan bindigar ma haka, har eriyoyin da aka kafa domin manoman Maraɗi suka shiga ɗaukar kiran ɓangarorin biyu.