Ɗaukar Hoto A Gona: Gani Ya Kori Ji

A da, mai son hoto sai ya jira ranar kasuwa ko ranar salla, ya je wurin mai hoto. Yanzu kuwa mutane da yawa a ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan suna da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Wannan waya tana iya taimakon manomi ƙwarai, in ya san abin da zai ɗauka.

Hoton ƙwari

A shekarar 2016 wata tsutsa da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Jihar Kaduna, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. A wannan shekara kuma aka fara ganin wata tsutsar masara a Nijeriya. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Manoma da yawa ba su gane su da wuri ba. Wasu sun sayi maganin da bai dace ba, ga asarar kuɗi, ga asarar amfanin gona.

In ka ga baƙon ƙwaro a gonarka, ɗauki hotonsa ka nuna wa malamin gona kafin ka sayi magani. Tsutsar masara tana ɓuya a tsakiyar shuka, inda sabon ganye ke fitowa. Tana da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiyarta. Sharon kuwa tana shiga cikin ganyen tumatir ta ci, ta bar farin tabo. In waɗannan alamu suka fito a hoto, malamin gona zai gane su nan take.

Hoton tsuntsaye da sama

Iyayenmu sun san cewa zuwan shamuwa alama ce ta damina ta kusa. Takan yi rani a kudancin Afirka, ta dawo mana da bazara. Tana cin fara da tsutsa, saboda haka abokiyar manomi ce. Waya tana ajiye ranar da aka ɗauki kowane hoto. To, ɗauki hoton shamuwar farko da ka gani, da hadarin farko, da ranar da ka yi shuka. In shekara ta zagayo ka sake ɗauka. Bayan 'yan shekaru za ka ga ko damina tana saurin zuwa garinku ko tana makara. Mai rake ko tumatir a fadama ya riƙa ɗaukar hoton inda ruwa ya kai kowace shekara.

Yadda hoto zai fito sosai

1. Goge idon kamara da tsumma mai tsabta.
2. Ɗauki hoto da safe ko da yamma, rana tana bayanka.
3. Riƙe waya da hannu biyu, kada ka motsa.
4. Ajiye tsinken ashana kusa da ƙwaro domin a san girmansa.
5. Ɗauki hoto uku: gonar duka, da shukar, da ƙwaron dab da dab.
6. In tsuntsu ne, zauna shiru ka yi haƙuri, kada ka bi shi da gudu.

A yi hattara

Kada ka matsa kusa da maciji don neman hoto. Kada ka tsaya a fili ko ƙarƙashin itace ana walƙiya da tsawa. Kada ka taɓa sheƙar tsuntsu ko ƙwansa. Kada kuma ka ɗauki hoton mutum ko gonarsa sai da izininsa.

Wanda ba shi da irin wannan waya ya nemi ɗansa ko maƙwabcinsa ya ɗaukar masa. 'Yan ajin yaƙi da jahilci kuma su rubuta sunan abin da suka ɗauka da kwanan wata a littafinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.