Kwamfutar da ba ta goge jiya: darasin tsarin NixOS

Ranar 19 ga watan Yuli 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike ya aika ta intanet ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi masu aiki da Windows. Jirage sun kasa tashi, aiki ya tsaya cik a asibitoci da bankuna da dama. Lamarin ya sake tayar da tsohuwar tambaya: in sabon gyara ya lalata na'ura, yaya za a mayar da ita yadda take jiya?

A yawancin kwamfutoci, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar tana karɓar gyara ne kamar allon makaranta: a wanke tsohon rubutu, a yi sabo. In wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar aikin, sai a tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai wasu harsunan rubuta manhaja da suka ƙi wannan hanya, irin su Haskell na shekarar 1990 da OCaml da cibiyar bincike ta INRIA a Faransa ta fitar a 1996. Ƙa'idarsu ta lissafi ce: abin da aka zuba iri ɗaya, sakamako iri ɗaya, kuma ba a taɓa abin da aka riga aka rubuta. Kamar littafin ɗan kasuwa mai gaskiya ne: ba ya goge layin jiya, sabo yake ƙarawa a ƙasa.

A 2003, Eelco Dolstra, mai bincike a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ya ɗauki wannan tunani ya soma Nix, wanda daga baya aka gina tsarin NixOS a kansa. A nan kowace manhaja tana da mazauninta daban. Sabon gyara yana zama a gefen tsoho, kuma ba a komawa kansa sai ya kammala. In ya zo da matsala, mutum ya sake kunna na'urar ya zaɓi tsarin jiya.

Sai dai abin yana da tsada: yana cin wurin ajiya, yana cin kuɗin intanet, koyonsa kuma ba sauƙi. Amma ga ofishi ko ɗakin shan magani da ke fama da ɗaukewar wuta, tambayar da ta kamata a yi wa mai saka manhaja ita ce: in ta lalace, ina hanyar komawa?