Tabar ci da ciwon daji: abin da kamfanoni suka sani

A watan Fabrairu na 1984, wani saurayi mai suna Sean Marsee, gwanin tsere a jihar Oklahoma ta Amurka, ya rasu yana da shekara 19. Ciwon daji ne ya fara cin harshensa, sa'an nan ya bi muƙamuƙi da wuya. Tun yana ɗan shekara 12 yake cusa garin taba a kunci. Mahaifiyarsa ta kai kamfanin U.S. Tobacco ƙara, amma a 1986 shari'a ta ba kamfanin gaskiya.

Hujjar kamfanin ita ce wai ilimi bai tabbatar da cewa tabar ci tana kawo wannan ciwo ba. To, amma labarin ya daɗe da fita. Tun 1761 likita John Hill na birnin Landan ya ja kunnen masu shaƙar taba. A 1974 Dietrich Hoffmann da Stephen Hecht suka gano gubar nitrosamin a cikin ganyen da ba a ƙona ba, watau ko babu hayaƙi illa tana nan. A 1981 Deborah Winn ta binciki matan Karolina ta Arewa, ta tarar masu cin gari sun ninka sauran mata wajen sau 4 a kamuwa da sankarar baki. Waɗanda suka daɗe suna ci kuwa, haɗarin a kunci da dasashi ya kusa ninki 50. Duk wannan an buga shi a fili, kuma kamfanin taba ba ya rasa masana masu karatu.

Duk da haka, a 1983 aka fito da Skoal Bandits, gari mai sauƙi cikin ƴan ƙulle-ƙulle, don sabon shiga. Takardun kamfanin da suka bayyana daga baya sun nuna dabarar: a fara da mai laushi, a hau zuwa mai ƙarfi irin Copenhagen.

Cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta yanke hukunci a 1985. Shekara guda bayan haka Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin gwangwani, ta hana talla a rediyo da talabijin. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan gari a 1992, sai Suwidin da aka ɗauke wa dokar lokacin shigarta a 1995.

Tabar da ake haɗawa da kanwa a kasuwannin Maraɗi da Tawa ita ma ganyen nan ne, sai dai ƙullinta ba ya ɗauke da wani gargaɗi.